Yadda Ake Zama Gwanin Minshari

Kusan kowane gida yana da mai minshari, amma ba kowa ne gwani ba. Akwai na ƙasa-ƙasa wanda uwargida kaɗai ke ji, akwai kuma wanda maƙwabta ke leƙowa su ga wa ya kunna injin markaɗe da tsakar dare. In matsayi na biyun kake hari, Malam, ga hanya.

Ka fara sanin kayan aikinka. Idan barci ya yi nauyi, tsokokin maƙogwaro sukan saki, sai bayan ganɗa da belu da tushen harshe su matse hanyar numfashi. Iskar da ke kutsawa ita ke karkaɗa su, ƙara ta tashi. Sirrin sana'ar guda ne: ƙuntata hanya.

Na ɗaya, kwanciyar rigingine. A nan ne harshe ke zamewa baya ya tare ƙofa. Malamai sun ce a kwanta ta gefen dama, likitoci ma sun ce gefe ya fi; ka yi kunnen uwar shegu da su duka. Turawa kan ɗinka ƙwallon tanis a bayan rigar barci don mutum ya kasa mirginawa. Ranar da ka ga uwargida da ƙwallo da allura, ɓoye rigarka.

Na biyu, ka tara wuya. Kitsen da ke zagaye da maƙogwaro yana danne shi daga waje. Tuwo malmala uku da man shanu, a bi da tsire da lemon kwalba, sannan a miƙe a gado nan take. Likitoci kan fara ɗaga gira idan kewayen wuyan namiji ya kai santimita 43, na mace kuma wajen 40. In tela ya ce awon bara ba zai yi ba, ka gode masa, aiki na kyau.

Na uku, toshe hanci. Da hunturu ka shaƙi ƙura son ranka, kada ka kusanci takunkumi. Mura ta kama ka, sai numfashi ya koma ta baki. Sigari da shisha suna kumbura hanyar iska, su ma abokan tafiya ne. Wanda kuwa guringuntsin tsakiyar hancinsa ya karkace, ko tun haihuwa ko a fagen dambe, ya riga ya yi wa tsara nisa.

Na huɗu, gajiya. Giya da ƙwayoyin sa barci suna sakin tsoka fiye da kima, amma ko da wasa ba a aika mutum can. Ga hanya mai arha: ka zauna teburin mai shayi har sha biyu, ka dawo ka riƙe waya har ƙarfe biyu. Jikin da ke bin ka bashin barci, in ya samu, sakin komai yake yi.

Na biyar, haƙuri. Shekaru kansu suna sassauta maƙogwaro. Maza ne kan gaba, amma Hajiya kada ki yi dariya: tsohon ciki da daina al'ada sukan shigo da mata fili. Yara kam ba sa cikin gasar. Yaron da ke minshari kullum, galibi tonsil ɗinsa ne ko naman bayan hanci ya kumbura; asibiti za a kai shi, ba wurin wanzami ba.

Sai babban mataki. Ƙara ta yi ƙara, can sai shiru, sannan ka zabura kana haki. Numfashi ne ya tsaya. In yana ɗaukewa daƙiƙa 10 ko fiye, sau 5 a awa guda, ka shiga sahun masu ciwon ɗaukewar numfashi a barci. Sau 30 kuwa, abin ya yi tsanani. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce mutum miliyan 936 ne a duniya ke sahun masu ciwon, mai tsanani da mara tsanani. Ladan aikin: ciwon kai da safe, gyangyaɗi a huɗuba da bisa sitiyari, hawan jini, har shanyewar ɓarin jiki. Tun 1981 wani likitan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci don hanya ta zauna a buɗe. Ita da rage ƙiba su ne maƙiyan sana'arka, don haka ka guji likita.

Na ƙarshe, musu. Gwani ba ya taɓa amsa laifi. In aka ce ka hana gida barci, ka ce, "Ni? Ai idona biyu, ina jin ku." In uwargida ta ɗauke ka a waya ta kunna maka da safe, ka saurara a natse har ƙarshe, ka girgiza kai, ka ce Allah ya ba wannan bawan nasa lafiya.