Waliyyin da Ya Kori Macizan da Babu

Duk ranar 17 ga Maris, mutanen Ayilan da masu aron dangantaka da su kan yi shigar kore don tunawa da Waliyyi Fatirik. A Shikago har kogi ake rinawa kore tun 1962, kamar an rasa tufafin rini.

Shi gogan ma ba ɗan ƙasar ba ne. Daga Birtaniya aka sato shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara shida yana kiwo a bauta, ya tsere, sannan ya dawo da wa'azi. Babbar karamarsa, wai, ya kora macizai cikin teku. Masana kuwa sun ce tun bayan zamanin ƙanƙara tsibirin Ayilan bai taɓa samun maciji ba. Aiki mai sauƙi ke nan. Ni ma na kori giwaye daga ɗakina jiya.

Sai wasu masu bin addinin gargajiya na zamani suka ce ai habaici ne: macizan su ne bokayen Duruwid da Kiristanci ya ture. Saboda haka ranar sukan maƙala hoton maciji a riga, a ji haushi. Masana tarihi suka sake tsoma baki, suka ce labarin macizan ya ɓullo ne ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, fassarar bokayen kuma ta baya-bayan nan ce.

Masu ibada ma na guna-guni, wai an mai da ranar waliyyi ta shaye-shaye, alhali a da doka kan rufe mashaya a Ayilan ranar. Macizai dai har yau ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.