Yadda Ake Binciken Asalin Lambar 2,147,483,647

Duk wanda wannan lamba ta yi wa sallama, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai, bai kamata tsawonta ya razana shi ba, domin ana bincikenta ne kamar yadda iyaye ke binciken mai neman auren 'yarsu, a fara da abin da ido ya gani, sannan a tono asali. Mai bincike ya fara duba wutsiyarta, kuma tunda da 7 ta ƙare, mara ce, biyu ba ta raba ta, biyar ma ba ta da wurin shiga. Idan ya tara alƙalumanta goma zai sami 46, wadda uku ba ta rabawa daidai, saboda haka ita ma uku sai ta kama gabanta.

Ba a ba shi shawarar ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, domin ko da lamba guda zai ambata a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya shafe shekara 68. Neman mai raba ta ma yana da iyaka: ya tsaya a 46,340, domin duk lambobi biyu da suka haura haka, in aka ninka su da juna, sun zarce ta.

Asalinta shi ne abin da ya fi cancantar a zauna a kansa. Idan aka jera biyu har guda 31, aka ninka su da juna, aka debe ɗaya, ita ce ke fitowa, wanda ya sanya ta cikin dangin lambobin Mersenne, masu ɗauke da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Wannan asali yana rage wahala ƙwarai, domin duk lambar da za ta raba ta dole ta bar saura ɗaya idan aka raba ta da 62. Da irin wannan dabara Leonhard Euler, a 1772, lokacin da ganinsa ya kusan ɗaukewa ɗungurungum, ya tabbatar da cewa ƙi-rabuwa ce, wato babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, kuma ita ce ta takwas mai wannan hali a danginta.

Sai dai mai bincike ya tambayi inda take aiki. Ita ce iyakar abin da kwamfuta ke riƙewa a gurabe 32 idan an ware gurbi guda don nuna ko lamba ta gaza sifili. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi ta wannan hanya tun daga 1 ga Janairu, 1970, za su cimma ta ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, kuma daga nan agogonsu zai koma Disambar 1901, sai fa idan an mayar da su kan gurabe 64 kafin ranar.