Kilon Tsoka da Kilon Kitse

Masu motsa jiki da sassafe a filin wasa na Giginya, a birnin Sakkwato, sun iya lallashin juna. Mutum ya yi wata uku yana sassarfa, sikeli ya ƙi sauka, sai a ce masa: "Ai tsoka ta fi kitse nauyi, Alhaji."

Mahauci dariya zai yi, don a sikelinsa kilo kilo ne. Kitse dai ya fi cin wuri: lita ɗaya ta tsoka kusan kilo 1.06 ce, ta kitse kuwa kusan 0.9. Bai ma kai ruwa nauyi ba, shi ya sa maiƙo ke tasowa saman romo.

Sai dai wandon Alhaji har yanzu bai rufe ba. Daga filin ma teburin mai shayi ya nufa, ya ce a soya ƙwai huɗu.