Bazazzagi, ba sammu aka yi wa motarka ba

Labari ya iso mu Kano, wai ka tsayar da mutane a hawan gadar Kwangila, kana taka totur Golf ɗinka na ta ihu, ga ƙauri ya cika gari, amma tafiyar sai a hankali. Har an ce kana rantsuwa maƙiya ne suka sa mata hannu. Haba bawana! Wane maƙiyi ne zai ɓata layarsa a kan wannan akwalar?

Zauna ubangidanka ya karanta maka. In inji yana ƙara kuka gudu bai ƙaru ba, farantin kuloci ne ya cinye, yana sulɓi. Gwajinsa ba ya cin ko sisi, na san wannan zai yi maka daɗi. Nemi fili, ja birkin hannu, sa giya ta uku, ka saki kuloci sannu a hankali. In motar ta mutu, farantin na da sauran rai. In ta ci gaba da aiki abinta, sai ka fara lissafin kuɗi.

Wannan gurnani da take yi in za ka sa ribas, har maƙwabta suna leƙowa, shi kuma kulocin ne ba ya saki duka. In ka ji fedar kulocin ta yi laushi ko ta kwanta ƙasa, duba man birki, ko ya ragu, ko iska ta shiga, ko masta na yoyo. Kuloci mai waya kuma, wayar ake dubawa. Ƙugin da ke tasowa sai ka taka kawai, boris ne.

Amma ni na san inda cutar take. Ƙafarka ta hagu ce. Kana ɗora ta a kan kuloci tun daga Tudun Wada har Samaru kamar wadda aka ba hayar wurin. A hawa kuma, maimakon birki, da rabin kuloci kake riƙe mota. Ko ƙarfen jirgi aka sa maka sai ka ƙone shi.

In an sauke giya, a canja faranti da boris gaba ɗaya, a duba mai matse farantin, kada rowa ta sa ka biya kuɗin aiki sau biyu. Kayan kuwa ka taho Ƙofar Ruwa mu saya maka, amma a motar haya, kada ka zo ka tare mana hanya a Kwanar Dangora.