Watan Sha Uku

A Agege, daga dillalan shanu na Oko-Oba har masu goro, kowa ya san 3/4/2025 uku ga Afrilu ne. Excel ne kaɗai yake da ja. In kwamfuta na kan tsarin Amurka, wata yake fara karantawa. Sai ya mai da ranar biyan bashi huɗu ga Maris, ko sallama babu. Wanda ake bi ya kwana mutumin kirki, ya tashi da makarar wata guda. Daga sha uku ga wata kuwa sai malam Excel ya yi turus. Ya laluba, babu wata na sha uku. Ya ture 13/4/2025 gefen hagu, ya ce wannan rubutu ne, ba ruwansa. Wato kwana sha biyu yake aiki a wata, su ma a karkace.

Za a ce laifin yaron shago ne. Ina laifinsa? Yadda aka koya masa a firamare ya rubuta. Gyaran dai a sauya saitin yanki na Windows zuwa Najeriya, ko a fara da shekara: 2025-04-03. Alhaji, kafin ka aika a yi wa mutum tsiya, a duba kwamfutar tukuna.