Ku Jefa Kwabo, Masu Gardama

Na san halinku. Da an ce masana lissafi sun yarda mutum ya jefa kwabo kafin ya zaɓi dabara, sai ku taɓe baki, ku ce caca ce aka sa wa babbar riga. To, ku gyara zama.

Akwai wasan hannu na dutse, takarda da almakashi. Dutse ya karya almakashi, almakashi ya yanka takarda, takarda ta lulluɓe dutse. Wanne ne sarki a ciki? Malam mai gardama, kai da kullum kake miƙa dutse don nuna jarumta, yaron gidanku ma zai gano ka kafin la'asar. Amma ka raba ukun daidai wa daida, ba tare da kai kanka ka san mai zuwa ba, duk abin da abokin karawarka ya fitar, rabonsa ɗaya ne: ci kashi ɗaya cikin uku, faɗuwa haka, canjaras haka. Ko nasara ta fi masa zuma, ko faɗuwa na hana shi barci, ba shi da inda zai matsa ya ƙaru. Ba mu ɗora daɗin zuciyar kowa a sikeli ba, ga shi kuma wasa ya daidaita.

Na ji wani daga baya yana cewa, ai wasan yara ne. Ranka ya daɗe, bugun fenareti fa? Ignacio Palacios-Huerta ya bi diddigin bugu 1,417, a 2003 ya nuna cewa ƙwararrun 'yan ƙwallo suna cakuɗa hagu da dama kusan yadda lissafi ya tanada. Ko ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba, sikelin me ake nema?

Inda gardamarku ke da ɗan maiƙo shi ne idan sakamako ya yi rassa da yawa. Nan ne von Neumann da Morgenstern suka ba kowane buri lamba, John Nash ya ɗora daidaitonsa a kai a 1950. Sai dai a 1975 Shafer da Sonnenschein suka tabbatar da cewa, bisa wasu sharuɗɗa, ana samun daidaito ko da son zuciyar ɗan wasa yana zagaye, ya fi son wannan a kan wancan har ya dawo inda ya faro. Wato har irinku, masu sauya ra'ayi tsakanin azahar da magariba, lissafin bai bar ku a baya ba.