Wai A Yanke A Huta

Mu dai a unguwarmu gashin mace abin ɓoyo ne, amma kowa ya san na kowa. Ɗankwali a ƙasa, hijabi a sama, duk da haka ki tsayar da kowace mace a layinmu ki tambaye ta su wa ke da suma, za ta jero miki su gida-gida: wance nata har gadon baya, wance rilaksa ya cinye mata gaban goshi, wance kuwa tun haihuwar fari nata ya zube bai dawo ba. A gidan biki muke gani, in an shige ƙuryar ɗaki ana sake ɗauri, ko wajen alwala in an zo shafar kai. Kallo ɗaya, magana ta zaga.

To ga wata sabuwar magana ta shigo mana, kuma daga bakin 'ya'yan cikinmu take fitowa. Da mace ta haura 45, ta fara aurarwa, furfura ta leƙo ta gefen kunne, sai a fara yi mata nasiha: "Umma, ki rage gashin nan mana ki huta. Wa ma zai gani?" Mai salun ita ma da tata: "Hajiya, duk ya kakkarye fa. A yanke shi ƙasa ya fito sabo, zai fi haka cika." In kuma aka yi rashin sa'a facala na kusa, sai ta ƙarasa: "Tsofai-tsofai da ke, me za ki yi da shuku?"

Goggon gidan da ke kallon namu ta doshi 60, kuma har yau in an tsefe mata kai sai an raba shi huɗu kafin mataji ya shiga. Autarta ma'aikaciyar jinya ce, yarinya mai jinƙan uwarta, ba wanda zai ce ta gaza mata. Ita ce ta matsa da zancen almakashi. Rannan a gabanmu ta sake ɗauko shi, Goggo ta dube ta ta ce, "Auta, ni na ce miki na gaji?" Aka yi dariya, amma ni tambayar ta tsaya mini a rai, don kuwa ba mu taɓa jin Goggo ta yi kuka da gashinta ba. Mai gajiyar daban take.

Mu ba mu tashi da yanke gashi ba. 'Ya mace a wurinmu sau ɗaya aska ke hawa kanta, ranar suna, wanzami ya sauke gashin ciki, shi ke nan, sai fa in ciwo ya kama kai ko ƙwarƙwata ta yi ƙamari. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Accra su suka san almakashi tun suna ƙanana, don makarantun gwamnati a Ghana sun daɗe suna sa 'yan mata askin ƙasa-ƙasa, amma ko su da an gama sakandare sai a shiga tari. Inda zancen "shekarunki sun wuce dogon gashi" ya kafu sosai shi ne Ingila da Amurka. Can ba a rubuta dokar ba, amma kowace mace ta san ta: in kin manyanta ki rage shi zuwa wuya, ki rina furfura, in ba haka ba a ce kin ƙi yarda kin girma ko kin saki kanki. A 2012 Farfesa Mary Beard ta jami'ar Cambridge, masaniyar tarihin Rumawa, ta gabatar da shiri a talabijin na BBC tana da shekara 57, farin gashinta a sake har ya wuce kafaɗa. Wani mai sharhi a jaridar Sunday Times, A. A. Gill, ya rubuta cewa bai kamata a bar ta gaban kyamara ba saboda kamanninta. Matar da ta ƙarar da rayuwarta a kan ilimi, aka bar abin da take faɗa aka koma kan gashinta. Ba ta yanke ba, ba ta rina ba, daga baya ma ta yi shiri guda a rediyo a kan furfura.

Sai dai nasu da namu ba ɗaya ba ne. Su nasu a waje yake, ido ne ke damunsu. Mu namu ba mai gani, don haka ba wanda zai ce bai dace da fuskarki ba. Hujjar da ake kawo mana ita ce hutu, kuma a nan nake so mu faɗa wa juna gaskiya.

Gashi irin namu mace ɗaya ba ta iya riƙe shi ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tuna yadda muka taso. Ranar Alhamis da la'asar uwa za ta kwanta a tabarma ta miƙo kibiya, yara biyu su kama tsifa, ɗaya dama ɗaya hagu, ana yi ana faɗan wa ya fi sauri. A jiƙa karkashi a wanke da yauƙinsa, gashi ya warware ba tare da an yi kokawa da shi ba. A shafa man shanu ko man kaɗe, a taje daga baki zuwa gindi. Da safe mai kitso ta yi sallama, ta hau kujera 'yar tsugunno, ke ki zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Zane ne, kalaba ce, shuku ne, ko dokar da kakanninmu ke yi a cusa mata tsumma ta tashi, duk a tsakar gida ake yi. Kuma a wannan zaman ne ake jin wa ta yi yaji, wa za a kai wa lefe, gidan wa ba a ɗora tukunya ba jiya. Sau nawa aka kai wa maƙwabciya kwanon tuwo saboda abin da mai kitso ta faɗa a hankali? Kaka kuwa ba ta taɓa biyan kuɗin tsifa ba, jikoki na nan, ladansu alewa da tatsuniya.

Yanzu fa? Yarinya ta tafi boko da safe, ta dawo ta wuce Islamiyya, da daddare ga aikin gida na makaranta ga waya. Manyan suna jami'a ko wurin aiki ko gidan miji a wata unguwa mai nisa. Masu kitson da ke bin gida-gida sun ragu, waɗanda suka ƙware sun kama shago a bakin titi. Dattijuwa kuwa ba kowacce ce za ta iya zuwa ta tuɓe kallabi a shago, a tsakiyar sa'o'in jikokinta, ƙofa a buɗe, kiɗa na tashi ba. Sai kitso ɗaya ya yi wata biyu a ka. Ranar da aka zo tsifa ya riga ya cukurkuɗe, a sa ƙaramin mataji a fizga, a tara dunƙule guda a hannu a nuna mata: "Kin gani ko, Umma? Duk zubewa yake." Alhali rabin abin da ke hannun nan gashin da ya saki ne tun tuni kitso ya riƙe shi. Kowane lafiyayyen kai yana sakin sili 50 zuwa 100 a rana, ki lissafa na wata biyu ki gani.

Ban ce shekaru ba sa taɓa gashi ba. Suna taɓawa. Tsakanin 45 da 55, lokacin da al'ada ke ɗaukewa, sinadaran jikin mace kan sauya, silin ya sirance, tsaga ta yi faɗi, kai ya riƙa bushewa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, shi ya sa wadda nata ya soma zuba farat ɗaya asibiti ya kamata ta nufa kafin salun. Amma zancen a yanke ya fito da cika, wannan ba haka ba ne. Daga cikin fata gashi ke tsirowa, almakashi kuwa baki yake ci, gindin bai san an yi ba. Abin da yankan ke yi shi ne kawar da bakin da ya tsattsage, kuma wannan ɗan dattsewa ya ishe shi. Ga shi tsiron ba ya sauri: kusan santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ma sau da yawa bai kai haka ba. Wadda aka sauke wa gashin shekara da shekaru tana da 55, ta yiwu ba za ta sake ganin tsawonsa ba.

Abin da ya fi cinye mana kai mu muka sa shi da hannunmu. Kitson da ake ja har gira ta ɗaga, a kwana biyu ba a iya sujada sai da dabara, ƙuraje su feso a goshi, mu ce ai haka zai daɗe. Shi ne ke janyo sanƙon gaba da muke gani a kan mata da yawa, kuma in gindin gashin ya mutu ba man da zai tashe shi. Sai gashin doki da ake ƙara wa nauyi. Sai uwa-uba rilaksa, wanda wasu nau'o'insa soda ce a ciki, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zama tana cije leɓe ana ce mata "ki ɗan ƙara haƙuri ya kama" ba, washegari kai duk ɓawon ƙuna? A watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, aka ga masu shafa man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa yawan kamuwa da kansar mahaifa. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa man ne sanadi ba, amma ni dai ya ishe ni dalilin ajiye shi. Matan Chadi da muke sha'awar sumarsu, masu chebe ɗin nan da yanzu har a kasuwannin Kano ake sayarwa, ba wani asiri gare su ba. Garin ba ya sa tsiro, karyewa yake hanawa, kuma sai an zauna awanni ana shafa shi sili-sili da mai ana kitsewa. Ashe can ma hannu ne da lokaci.

Ta fuskar addini kuwa ba a ɗaure kowa ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kasance suna rage gashinsu, malamai suka ce bayan wafatinsa ne. Saboda haka wadda ta ga dama ta rage nata, don ciwon kai ko zafi ko don haka take so, ba mai zarginta, ni ma ba zan bari a yi da ita a gabana ba. Amma ku dubi yadda aka sauƙaƙa wa mai riƙe nata. Ummu Salama ta yi tambaya ko sai ta kwance kitsonta in za ta yi wankan janaba, aka ce mata a'a, ta kwarara ruwa sau 3 ya wadatar, kuma haka muka karanta a Risala. A Hajji maza su aske tas ko su rage, mace kuwa gwargwadon gaɓar yatsa za ta cire. Ummu Aɗiyya da ta wanke 'yar Annabi bayan rasuwarta ta ba da labarin cewa kitso 3 suka yi mata suka mayar baya. Furfura ma an hana tsige ta, an ba da damar a sa mata lalle. Jan lalle nake nufi, na gargajiya, ba baƙin nan na kwali mai sinadarin rini da ke kumbura wa wasu fuska ba.

Kalmar da ta fi ci mini rai ita ce "wa zai gani". Ku lura da waɗanda aka fi faɗa wa ita: wadda mijinta ya rasu ta fita takaba, wadda aka saka, wadda aka yi wa amarya maigida ya karkata can. Wato abin da ake ce mata shi ne gyaran jikinki don wani ne, wanin kuma ya tafi, sai ki tattara ki ajiye. Wata ƙawata da ta gama wata 4 da kwana 10 ɗinta, abu na farko da ta yi bayan wanka shi ne ta aika a kira mai kitso, ta ce a yi mata ƙanana. Wata a dangin mijin ta ce, "Yaya, har kin fara neman wani ne?" Ƙawar tawa ta yi kuka ranar. Ba wani take nema ba, kanta take so ta ji ya dawo nata bayan watannin da ta yi ba ta ko duba madubi. Mace takan san kanta a tsefe yake ko a kitse ko da ta rufe shi da hijabi har ƙasa, a tafiyarta ma ana ganewa.

Maza kuwa nasu matsin ya fi namu tsufa. Magidanci ya bar suma ta yi wata biyu, tun daga ƙofar masallaci za a fara: "Malam, lafiya? Ko kun ɓata da wanzami ne?" Alhali kowa ya ji a wa'azi cewa gashin Annabi yakan kai fatar kunne, wani lokaci har kafaɗa. Amma wannan su ya shafa, su tattauna a majalisarsu.

Mu dai a layinmu mun fara wani abu tun bayan Sallah. Duk Asabar ta biyu muna haɗuwa a tsakar gidan Goggo bayan azahar, kowacce da matajinta mai manyan haƙora da ɗan kwanon manta. Mai kitso ɗaya muke kira mu haɗa mata kuɗi, sharaɗinmu da ita ba ja, ba gashin doki, gaban goshi kuma a bar shi sako-sako. Tsifa da wanki mu ke yi wa juna. Wadda ke da 'ya ko jika ta zo da ita, don akwai 'yan shekara 15 a unguwar nan da ba su iya fitar da tsaga miƙaƙƙiya ba. Ɗaya daga cikinmu, Maman Biyu, ta ce chebe ɗin da aka kawo mata daga Maiduguri ya ishi mutum biyar, wadda ba ta son ƙamshinsa ta zo da man kaɗenta.